Layi Ɗaya da Aka Goge: Yadda Zaman BGP Ya Ƙi Tashi Tsakanin Rauta Biyu Masu Dogaro da Hanyar Gama-gari

Wata Litinin da safe, ko jakata ban ajiye ba wayar ofis ta fara ƙara. Ɗaya daga cikin rassanmu ne, wai manhajar lissafi ta ƙi buɗewa. Ina ajiye kan wayar wani reshen ya kira da magana iri ɗaya, kafin ƙarfe tara kuwa babu wanda bai kira ba. Masu karɓar kuɗi sun naɗe hannu, jama'a sun yi layi har waje, kwamfuta sai juya 'yar da'irar nan take yi ba ta kai ko'ina.

Abin da muka sani a lokacin kaɗan ne. A daren Lahadi an ɗauke wuta, janareta ya yi jinkirin tashi, batiran da ke riƙe da ɗaya daga cikin rautocinmu (na'urorin da ke zaɓa wa bayanai hanyar da za su bi) kuma sun riga sun gaji, sai rautar ta mutu ta sake tashi. Ta tashi lafiya ƙalau, fitilunta duka kore, saitinta yana nan yadda aka adana shi. Adireshi da lambobin da zan kawo a nan na musanya su da waɗanda aka ware don misali, amma tsarin da abin da ya faru suna nan yadda suke.

Rauta biyu ne a labarin, da katangar tsaro a tsakaninsu, na'urar nan da ma'aikata ke kira fayawol. Ta farko muna ce mata rautar rassa, domin duk layukan rassanmu a kanta suke sauka. Ta biyu rautar ɗaki, ita ce a gaban sabobin, wato manyan kwamfutocin da manhajar lissafi ke zaune a kansu. Duka biyun na kamfanin Cisco ne, masu aiki da manhajarsa ta IOS. Babu waya kai tsaye tsakaninsu, duk abin da zai tafi daga wannan zuwa waccan sai ya ratsa katanga. Kowacce kuma tana da hanyar gama-gari, 0.0.0.0/0, da aka rubuta da hannu tana nuna katangar. Ma'anar wannan hanya ita ce, duk fakitin (ƙunshin bayanai) da ban san inda za shi ba in miƙa wa wancan, shi ya san yadda zai yi da shi. A bakin ma'aikata difolt ake ce mata.

Tsakanin rautocin biyu akwai zaman BGP, wato haɗin da rautoci ke ƙullawa don su riƙa sanar da juna hanyoyin da suka sani. Rautar rassa tana da lambar AS (lambar da ke nuna yankin da rauta take a BGP) 65001, ta ɗaki 65002, duka daga cikin lambobin gida da aka ware daga 64512 zuwa 65534. Suna magana ne da adireshinsu na lufbak, wato adireshin rautar kanta da ba ya ɗaure da wata waya, 192.0.2.1 da 198.51.100.1. Ga yadda abin yake a rautar rassa:

router bgp 65001
 neighbor 198.51.100.1 remote-as 65002
 neighbor 198.51.100.1 ebgp-multihop 3
 neighbor 198.51.100.1 update-source Loopback0

Layi na uku dole ne, domin idan maƙwabci na wata AS ce daban, IOS na ɗauka cewa waya ɗaya ce tsakaninsu, sai ta sa wa fakitin TTL (iyakar zangon da zai iya yi) na 1, zango guda ke nan. Sai an gaya mata cewa akwai wani abu a tsakani.

Me ya sa ake buƙatar BGP a nan tunda kowa katanga yake miƙa wa kaya? Saboda rautar ɗaki tana da layin ko-ta-kwana na rediyo, siriri, da ke kaiwa ga rassa ta bayan gida ba tare da ratsa katanga ba. An rubuta mata hanya da hannu cewa 10.20.0.0/16 gaba ɗaya, wato adireshin duk rassa, ta rediyo ake zuwa. Ita kuma rautar rassa tana shelanta mata kowane reshe ɗaya bayan ɗaya, /24 kowanne, wato ƙaramin yanki daga cikin wancan /16. A teburin hanyoyi wadda ta fi ƙayyadewa ita ke cin nasara, don haka muddin BGP na tsaye, amsoshin saba ta katanga suke komawa. In layin wani reshe ya faɗi, /24 ɗinsa ta ɓace daga tebur, sai kayansa su gangara ta rediyo. Wanda ya gina tsarin ya kuma sa ƙa'ida a kowace rauta da ke mayar da zango na gaba na duk hanyar da aka koya zuwa adireshin katangar, wanda ke maƙale da rautar kai tsaye. Tsari ne mai ma'ana, kuma ya daɗe yana aiki.

Ping, saƙon gwajin isa, na tafiya, manhaja ba ta tafiya

Matashin da ke koyon aiki a wurina ya riga ni zama gaban allo. Ya ce, "Oga, na duba. Rassa na samun saba da ping, BGP ma Active take."

Na ce ya matsa in gani. Wannan kalma ta ruɗi mutane da yawa, kuma ban ga laifinsa ba. Matakan zaman BGP shida ne: Idle, Connect, Active, OpenSent, OpenConfirm, sai Established. Na ƙarshen ne kaɗai ke nufin an zauna ana musayar hanyoyi. Active na nufin haɗin TCP, wanda a kansa ake ɗora zaman, ma bai samu ba, rautar na nan tana nema tana saurare. Idan zaman ya kafu, a gurbin ƙarshe na show ip bgp summary ba kalma za ka gani ba, lamba za ka gani, yawan hanyoyin da aka karɓa. Namu ba ya wuce Idle da Active a duka ɓangarorin biyu.

Daga nan alamun suka fara haɗuwa. BGP ta faɗi, duk /24 ɗin sun ɓace daga rautar ɗaki, sai ta koma tura amsa ta rediyo. Su kuwa rassa ba su san an yi ba, domin rautar rassa hanyar gama-gari take ba su kullum, ko BGP na nan ko ba ta nan. Kaya na zuwa ta katanga, amsa na komawa ta rediyo. Ping bai damu da wannan ba, ya je ya dawo ko ta ina ne. TCP kuwa a gaban katanga mai riƙe lissafin kowane haɗi ba ya tsira: ta ga SYN, fakitin farko na buɗe haɗi, ya wuce, ba ta ga amsarsa ta dawo ba, sai ta zubar da abin da ya biyo baya. Shi ya sa da'irar ke ta juyawa.

To amma me ya hana BGP tashi? Nan muka ɓata fiye da awa biyu, kuma nan ne aka bar jaki ana dukan taiki. Hankalin kowa ya tafi kan katanga, har da nawa. Akwai dalili: wasu katangu kan cire zaɓin TCP mai lamba 19 da BGP ke ɗora sa hannun MD5 na kalmar sirri a kai, ko su hautsina lambobin jeri, sai zaman ya ƙi kafuwa alhali komai na kama da daidai. Amma mu ba mu sa kalmar sirri a wannan zaman ba. Na kira mai kula da katangar, dattijo ne da ya girme ni a aiki. Na ce, "Malam, don Allah a duba mana ko ana tare ƙofa ta 179, wadda BGP ke bi." Ya duba rajista ya ce, "Ai ba abin da nake tarewa. Tun daren jiya ba wanda ya ƙwanƙwasa 179 ɗin ma, balle in hana shi."

Ban yarda nan take ba. Na koma rautar rassa na yi ping zuwa 198.51.100.1 daga lufbak, biyar cikin biyar suka dawo. Na buga telnet 198.51.100.1 179 /source-interface Loopback0, allon ya rubuta Open. Hanya a buɗe take, ƙofa a buɗe take, ɗaya ɓangaren na amsawa. Malam ya ɗago ya ce yanzu ya ga ƙwanƙwasa guda ɗaya, tawa. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Rautar ce da kanta ba ta ko gwadawa.

Abin da ya buɗe mini ido umarni ne mai sauƙi. Na buga show ip route 198.51.100.1, amsa ta fito:

% Network not in table

Na buga show ip cef 198.51.100.1, sai ta nuna mini 0.0.0.0/0 da adireshin katanga. Wato injin tura fakiti ya san inda zai jefa kaya, amma teburin hanyoyi ba shi da wata hanya takamaimai ta wannan adireshi. Na kunna debug ip bgp, na jira 'yan daƙiƙu, ga shi ƙarara: yunƙurin buɗe haɗi ya gaza, no route to peer, an ɗage zuwa wani lokaci. Na shiga rautar ɗaki na tarar da abu ɗaya game da 192.0.2.1.

Wannan ba kuskuren manhaja ba ne, da gangan aka yi shi. A bayanin da Cisco ta rubuta kan umarnin ebgp-multihop an faɗa a fili cewa ba za a kafa irin wannan zama ba idan hanya ɗaya tilo zuwa maƙwabci ita ce ta gama-gari, don gudun zagayen da hanyoyi masu tashi da faɗuwa ke haifarwa. Da farko na ji abin kamar taurin kai. Da na zauna na yi tunani sai na ga hikimarsa. Sau da yawa hanyar gama-gari ita kanta daga BGP ake koyo ta. A ce ka isa maƙwabcinka ta difolt, zama ya kafu, shi kuma ya aiko maka da tasa difolt ɗin wadda ta fi taka daraja, zango na gaba kuma adireshinsa ne. Yanzu in ka tambayi tebur ta ina zan isa wannan adireshi, zai ce ta difolt. Ta ina difolt ke bi? Ta wannan adireshin. Hanya ta rushe, zaman ya faɗi, tsohuwar difolt ta dawo, zaman ya sake tashi, a sake komawa gidan jiya, haka har illa masha Allah, kuma duk tashi da faɗuwa sai an sanar da sauran maƙwabta. Hanyar gama-gari ba ilimin wurin da maƙwabci yake ba ne, amincewa ce cewa wani ya sani. BGP a IOS ba ta yarda ta fara magana a kan amincewa kawai.

Ya kamata a san cewa wannan hukuncin mai ƙera na'ura ne. Takardar ƙa'ida ta RFC 4271 ta shekarar 2006, wadda ita ce ginshiƙin BGP-4 da ake amfani da ita yau, ta ɗora zaman a kan TCP ta bar yadda fakiti zai isa ga tsarin da ke ƙasa. Shi ya sa na'urori suka bambanta a nan. A FRR, manhajar rauta da ake ɗorawa kan Linux, misali, akwai umarni na musamman, ip nht resolve-via-default, da ke yanke ko za a ɗauki difolt a matsayin hanyar isa ko a'a. Wanda ke da na'urori gauraye sai ya san halin kowacce.

Tambayar da ta fi damuna

Mun gano abin da ya hana zaman tashi, amma wata tambaya ta tsaya mini a wuya. Idan haka IOS take, ta yaya wannan zaman ya daɗe yana aiki? An sha ɗauke wuta a baya, rautocin sun sha mutuwa suna tashi, BGP na dawowa da kanta.

Na ɗauko tsofaffin kwafin saiti da muke adanawa, na jera na watanni uku da suka wuce kusa da na yau. A rautar ɗaki babu bambanci ko ɗaya, ba ta taɓa samun hanya takamaimai zuwa maƙwabciyarta ba tun ranar da aka kafa ta. A rautar rassa kuwa akwai layi ɗaya da ya ɓace:

ip route 198.51.100.1 255.255.255.255 10.0.1.1

Na gane shi da na gan shi. Kusan makonni shida kafin wannan Litinin mun yi aikin share tarkacen saiti. Matashin nan ya kawo mini jerin hanyoyin da yake ganin ba su da amfani, wannan na ciki. Hujjarsa ba ta da aibu a ido: layin na nuna 10.0.1.1, wato katanga, difolt ma katangar take nunawa, to me ya ƙara? Babu suna a jikinsa, babu bayani, wanda ya rubuta shi ya daɗe da barin wurin. Ni na duba jerin, ni na amince, ni na ce a goge a adana. Da na nuna masa layin a tsohon kwafi jikinsa ya yi sanyi, ya fara ba da haƙuri. Na ce masa, "Ƙanena, kai ka kawo shawara, ni na sa hannu. Zo mu ga yadda abin ya ɓuya mana."

Yadda ya ɓuya ɗin shi ne ainihin darajar wannan lamari a wurina. Hanin da IOS ke yi a kan fara haɗi ne. Rautar da difolt kaɗai take da ita ba za ta yi sallama ba, amma in aka yi mata za ta amsa, amsar kuma ta difolt ɗin za ta bi ba tare da wata matsala ba. Shekara da shekaru rautar rassa ce ke yin sallama saboda tana da wannan /32, wato hanyar adireshi ɗaya tak da muka goge, rautar ɗaki tana amsawa. Shaidar tana nan a gabanmu tun tuni ba mu karanta ba: a wani tsohon kwafin show ip bgp neighbors na rautar ɗaki, ƙofarta ta gida 179 ce, ta maƙwabciya kuma wata babbar lamba. Mai 179 a gida shi aka zo wa. Ita ba ta taɓa zuwa ba.

Ranar da muka goge layin kuwa zaman bai ko girgiza ba. Haɗin TCP ya riga ya kafu, saƙon "ina nan" na fita kowane daƙiƙa 60 ta difolt, wa'adin haƙuri na daƙiƙa 180 bai taɓa cika ba. Mun duba bayan gogewar, mun ga lambar hanyoyi na nan, mun rufe aikin muna murna. Makonni shida zaman na tsaye a kan haɗin da ba wanda zai iya sake ƙulla shi. Da wuta ta yanke shi, sai aka bar rauta biyu kowacce a shirye take ta amsa sallama, babu mai yi, zaman jiran gawon shanu. Ita ƙa'idar mayar da zango na gaba zuwa katanga, wadda na yaba a sama, ta taimaka wajen rufe gibin, domin ta sa rautar ɗaki ba ta taɓa buƙatar sanin hanyar lufbak ɗin maƙwabciyarta don amfani da hanyoyin da take koya ba.

Gyaran gaggawa bai ɗauki minti ɗaya ba. Na mayar da layin, muka zuba wa allo ido, Active ta koma lamba, wayoyin ofis suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Da rana muka zauna kan gyara na dindindin. Wani abokin aiki ya kawo dabarar da ake yawan ambata: a raba difolt gida biyu, 0.0.0.0/1 da 128.0.0.0/1. Su biyun sun rufe duk adireshin duniya, amma babu ɗayansu da ake kira difolt, don haka IOS za ta karɓa. Tana aiki, na sani. Na ƙi ta, kuma har yau ina kan ra'ayina. Yaudarar mai gadi ce, haɗarin da yake gadi a kai na nan daram. Ban da haka, tunda sun fi /0 ƙayyadewa, duk wata difolt da za a koya nan gaba daga ko'ina ba za ta taɓa yin aiki ba, wanda zai gaje mu kuma zai sha wahala kafin ya gane dalili. An kuma kawo batun shigar da katangar cikin OSPF, wata ƙa'idar musayar hanyoyi ta cikin gida, don lufbak ɗin su riƙa yaɗuwa da kansu. Malam bai so a ƙara wa katangarsa wani aiki saboda adireshi biyu kacal ba, na ga gaskiyarsa. Muka tsaya a kan /32 a kowane ɓangare, wannan karon da suna a jiki:

ip route 192.0.2.1 255.255.255.255 10.0.2.1 name BGP-KAR-A-GOGE

Na ce ba za mu rufe aikin ba sai mun gwada abin da muka kasa gwadawa a baya, wato ba ko zaman na tsaye ba, ko zai iya sake tashi, kuma daga kowane ɓangare. Muka nemi izini bayan sallar isha'i, lokacin da rassa suka rufe. Na sa wa rautar ɗaki transport connection-mode passive a kan maƙwabciyarta, don ta zauna ta saurara kawai, na buga clear ip bgp. Rautar rassa ta yi sallama, zaman ya dawo. Na cire, na juya abin, rautar rassa ta zama mai saurare. Muka jira. Minti ɗaya, biyu, Active ba ta motsa ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Wannan karon rajistar Malam ba shiru take ba. Ya juyo da allonsa ya nuna mana layi bayan layi: 198.51.100.1 na neman 192.0.2.1 a ƙofa ta 179, an hana. Dokar da ke katangar gefe ɗaya aka rubuta ta tun farko, daga rassa zuwa ɗaki kawai, daidai da yadda /32 ɗin take gefe ɗaya. Wanda ya gina tsarin ya san wa ke fara magana, ya tsara komai a kan haka, bai dai rubuta a ko'ina ba. Da ba mu yi wannan gwajin ba, da sabuwar hanyar da muka sa wa rautar ɗaki ta zama ado, muna zaton muna da ƙafa biyu alhali har yanzu ɗaya ce.

Matashin ya tambaya ko ba za a samu rikici ba in duka biyun suka yi sallama lokaci guda. Ba za a samu ba, RFC 4271 ta tanadi wannan: in haɗi biyu suka ci karo, ana riƙe wanda mai lambar shaida mafi girma ya fara, a rufe ɗayan. A wurinmu na rautar ɗaki ke nan, tunda 198.51.100.1 ta fi 192.0.2.1.

Malam ya ƙara dokar, adireshi ɗaya zuwa adireshi ɗaya, ƙofa ta 179 kaɗai. Bai gama adanawa ba lamba ta bayyana a gurbin ƙarshe. Na buga show ip bgp neighbors a rautar ɗaki na gangara ƙasa, a karon farko 179 na gefen maƙwabciya. Na cire passive ɗin, muka adana a duka rautocin biyu. Batun difolt da rautar rassa ke ba rassa ko da BGP ta faɗi, wanda shi ya mayar da faɗuwar zama ɗaya ta zama tsayawar aiki gaba ɗaya, mun rubuta shi a matsayin aiki na gaba, tare da sayen sababbin batira. Matashin ya ɗauki jerin sauran hanyoyin da muka goge a wancan aikin, ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya kafin ya tafi gida, ya ga ko akwai wani adireshin maƙwabci a cikinsu.